Za Ki Sani

Port Kessel, Minnesota
8 ga Satumba, 1987

Zuwa ga yayana Reino,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya a duk tabkin da ta riski jirginku, kuma gwiwoyin nan naka sun rage yi maka tsiya a kan matakala. Ni lafiyata ƙalau, ban da likita da ya ce in rage gishiri. Na ce ya je ya gaya wa yayana kuku, shi ya lalata mini baki tun ina yarinya. An koma makaranta, na koma tuƙin bas ɗina. Ranar Asabar na leƙa gidan Mama na yanke maka ciyawa, tun da mai gidan ya fi son ruwa da ƙasa.

To, ka zauna kafin ka karanta sauran. Na kai sunana ofishin akawun gari. Zan tsaya takarar magajin gari, ni da Merle Haugen.

Ka san dalili. Shekara goma sha shida Merle yana kan kujerar nan, kuma shekara goma sha shida motar share ƙanƙara ba ta hawa Unguwar Tudu sai ta gama da kasuwa da layin gidansa. Ranar da zuciyar marigayi mijina Walt ta buga, kwana biyu ke nan ba a share mana hanya ba. Motar asibiti ta maƙale a gindin tudu, maƙwabta suka sauko da shi a kan katako. Sau uku ina zuwa zaman majalisar gari a kan maganar, kowane zuwa Merle ya ba ni minti uku yana duba agogo. Na gaji da roƙo, Reino.

Ga takardar neman ƙuri'a ta gidan waya nan na haɗo maka. Ka cike ka aika wa Misis Pavlich, akawun gari, za ta turo maka takardar zaɓen ta adireshin jirgi. Garin nan ƙarami ne, kowace ƙuri'a tana da nauyi.

Sai abu ɗaya da ke cina. Ƙawata Doreen, wadda ke taya ni yawon gida-gida, ta ce da ka sauka hutu a Yuli ta gan ka da Merle a shagon kofi na bakin tasha, can lungu, kun fi awa kuna ƙus-ƙus. Sau biyu ka ci abinci a gidana a zuwan nan, ba ka ce mini uffan ba. Ban ce akwai wani abu ba. Tambaya ce kawai.

Ƙanwarka,
Aili

*

A kan ruwa, bayan mun wuce Soo
21 ga Satumba

Ranki ya daɗe, magajiya mai jiran gado,

Na gaishe ki. Takardarki ta same ni a mashigar jiragen Soo, aka miƙo mana jakar wasiƙu muna tsaye. Ina lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, ta hagu ta fi rashin kunya. Shekaranjiya iska ta taso mana, jirgi cike da tamar ƙarfe, tukunyar miya ta bi ni har bakin ƙofa. Mutum talatin suka ci biredi da cuku suna zagina.

Na karanta labarinki sau biyu. Wato direbar bas za ta tuƙa gari. Ban ce ba za ki iya ba, wanda ya iya da yara arba'in a mota ɗaya zai iya da majalisa. Amma da kin nemi shawarata kafin ki kai suna, da na ce ki bari. Siyasar garinmu ba ta da tsabta, za su tono har abin da kika faɗa a makabarta ranar jana'izar Walt. Kuma Merle ba shaiɗan ba ne. Tare muka yi wasan hoki na kan ƙanƙara a makaranta, na san shi tun hancinsa na yoyo. Kujera ce ta daɗe a ƙarƙashinsa har ya manta ta aro ce.

Ki gaishe da Doreen, ki ce na ce idonta ya yi wa garin nan yawa, ta nemi aikin gadin fitilar bakin ruwa. Eh, mun sha kofi da Merle. Ya nemi wani abu a wurina, na ba shi amsa tun a nan, magana ta wuce. Ba abin da ya kamata ki ɗora wa kanki ba ne yanzu.

Na cike takardar na aika. Ranar zaɓe zan yi abin da ya dace. Na gode da ciyawa. In kin sake zuwa ki duba tagar sauna, ɗakin wankan tururin nan, ina zaton na bar ta a buɗe.

Kukunki,
Reino

*

Port Kessel
6 ga Oktoba

Reino,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi iska ba ta yi muku ɓarna ba. Ni ina nan, sai ciwon ƙafa na yawon ƙwanƙwasa ƙofofi. Tagar sauna a rufe take.

Wasiƙarka na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Ka ce da na tambaye ka da ka hana ni. Ka ce Merle ba shaiɗan ba ne. Ka ce ya nemi abu ka ba shi amsa, ba ka ce wace amsa ba. Ka ce za ka yi abin da ya dace, kuma na duba gaba da baya ban ga inda ka rubuta za ka zaɓe ni ba. Kalma uku ce, Reino, ka sami wurin ba ni labarin tukunyar miya amma ita ba ka sami wurinta ba.

Da wannan kaɗai ne da na haɗiye. Ranar Alhamis na ɗauko yara na biyo ta layinmu, sai ga allon Merle kafe a gaban gidan Mama, a tsakiyar ciyawar da na yanke da hannuna. Babba ne, irin wanda ake kafawa da sanda biyu. Yaran bas suka yi ta ihu suna nuna mini, ni kuwa na riƙe sitiyari kamar ban gani ba. Da yamma na je ofishin kamfe ɗinsu na tambaya. Surukin Merle ya dube ni yana murmushi, ya ce su ba sa kafa allo a gidan kowa sai sun san ran mai gida. Gidan naka ne a takarda, ba ni da ikon cirewa. Yanzu duk ƙofar da na buga a Tudu, abin da ake fara tambayata shi ne, in ɗan'uwanki bai yarda da ke ba, mu don me?

Ruwa ba ya tsami banza. Doreen ta ce in daina wahalar da kaina, wai kun gama magana tun Yuli. Na yi mata faɗa, amma da na dawo gida na rasa abin da zan kare ka da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ko yanzu ka rubuto ka ce ni ka zaɓa, ba ni da hanyar sani. Ƙuri'a asiri ce. Za a cire ta daga ambulan ɗinka a jefa cikin dubu biyu da wani abu, ba mai iya cewa ta wane ce. Kana iya yi mini daɗin baki ka ba shi, mu ci gaba da cin abincin Kirsimeti tare, in mutu ban sani ba.

Aili

*

Toledo
19 ga Oktoba

Aili,

Ina lafiya, ina fata ke ma haka. Takardarki ta zo rana ɗaya da takardar zaɓe. Na karanta taki, na ajiye, na dafa wa mutane abincin rana, na sake karantawa. Na cike tawa yau na sa a gidan waya da hannuna.

Kin ce ba za ki taɓa sani ba.

Za ki sani.

Reino

*

Port Kessel
Litinin, 16 ga Nuwamba

Reino,

Ina fata kana lafiya. Ni dai da sauƙi. Fiye da wata guda ban rubuto ba, don ban san me ake ce wa ɗan'uwan da ya aiko da barazana ba. “Za ki sani.” Na nuna wa Doreen, ta ce ai ga shi nan ya faɗa miki da bakinsa. Haka na shiga zaɓe da maganar nan a raina.

Ga abin da ya faru. An yi zaɓe ranar uku ga wata. Na sami dubu ɗaya da ɗari biyu da biyar, Merle dubu ɗaya da ɗari biyu da huɗu. Ƙuri'a ɗaya. Mutanen Tudu suka cika mini gida da kek da kifin banda. Merle ya nemi a sake ƙirga, kuma doka ta ba shi.

Yau da safe aka yi, a zauren majalisa. Malaman zaɓe a dogon tebur, lauyan Merle a gefe ɗaya, ni da Doreen a ɗaya gefen, jama'a cike har bakin ƙofa. Ana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya kowa ya gani. Wajen sha ɗaya aka zo kan ƙuri'un gidan waya. Wata malama ta ɗaga guda, lauyan ya ce ta dakata, ta juyo da ita. Alamar tana gaban sunana, ras. A ƙasa kuma ga rubutu da biro, irin rubutun da na sani tun ina koyon karatu. Misis Pavlich ta ce dole a karanta a shigar a rahoto, ta gyara tabarau ta karanta da ƙarfi:

“Ni Reino Koskela na zaɓi ƙanwata. Wanda ya ƙirga wannan ya gaya mata.”

Zauren ya fashe da dariya. Ni ban yi ba, na ji kamar in nutse. Lauyan ya buɗe littafin doka ya karanto cewa duk ƙuri'ar da mai ita ya yi wa shaidar da za a gane shi, ta lalace gaba ɗaya. Misis Pavlich ta dube ni ta ce, “Ki yi haƙuri, Aili, ba yadda zan yi.” Aka ware ta gefe. Yanzu mun yi kunnen doki. Ranar Juma'a za a yi canki-canka, wanda aka zaro sunansa shi ne magajin gari.

Da na shiga mota na yi kuka, na ce ashe ɗan'uwana yana tare da ni. Amma kafin in iso gida wani tunani ya shigo, kuma ya ƙi fita. Shekara ashirin Mama tana aikin malamar zaɓe. Kowace ranar zaɓe sai ta dawo ta ba mu labarin wawayen da suka yi rubutu a takardarsu aka zubar, har waƙa muka mai da shi a tebur. Ɗan Mama ne zai ce bai san wannan ba? Kuma lauyan nan, tun safe yake hamma, ana buɗe na gidan waya ya miƙe tsaye kamar mai jiran baƙo.

Na auna ta ko'ina. In mutum yana so ya raba ƙafa, ya wanke kansa a wurin ƙanwarsa a gaban duk gari, kuma ya cika wa abokinsa alkawarin Yuli, ban ga dabarar da ta fi wannan ba. Ka zaɓe ni, kuma ba ka zaɓe ni ba. In haka ne ka iya dahuwa, Reino, na sara maka. Da ka ba shi kai tsaye da ya fi mini sauƙi, aƙalla da na san wanda na rasa.

In na faɗi ranar Juma'a, motar share ƙanƙara za ta ci gaba da hawa Tudu a ƙarshe, kuma da hannunka a ciki.

Aili

*

Port Kessel
Juma'a, 20 ga Nuwamba

Yayana Reino,

Allah ya sa kana lafiya. In wannan ta zo maka tare da ta ranar Litinin, don girman Allah ka fara buɗe wannan, waccan ka jefa a murhu. In kuwa ka riga ka karanta ta, to ka karanta wannan har ƙarshe.

An yi abin yau da rana. Misis Pavlich ta rubuta sunayenmu a ƙananan takardu, ta sa kowanne a ƙaramin gwangwanin fim ɗin kyamara, ta zuba a hular shugaban 'yan kwana-kwana. Aka ɗauko tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gari daga gidan tsofaffi ta zara. Sai da ta yi kusan minti tana lalube. Sunana ya fito. Ni ce magajiyar gari daga watan Janairu.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Da jama'a suka ragu Merle ya zo ya ba ni hannu, ya ce in zo ya nuna mini ofis. Muna shiga ya zauna a bakin tebur, na ga ya tsufa a cikin sati biyu. Ya ce mu 'yan Koskela taurin kai a jininmu yake. Na ce me yake nufi. Ya yi mamaki wai ba ka gaya mini ba.

Ya ce tun Yuli ya ji ƙishin-ƙishin zan tsaya. Ya san gwiwoyinka sun ƙare, ya san shekara nawa kana neman aikin da ba na ruwa ba. Sai ya yi maka tayin shugaban kicin na gidan tsofaffi, aiki a gari, kwana a gidan Mama, ba matakala ba iska. Sharaɗin kawai ka lallashe ni in janye. Na tambaye shi me ka ce.

“Cewa ya yi gwiwarsa ta lalace, amma ba ta kai ga durƙusa mini ba. Ya shanye kofinsa ya fita.”

Allon ma na tambaya. Ya ce ba wanda ya nemi izininka, surukinsa ne ya ce gida ba kowa, mai shi yana tsakiyar tabki, kuma ya san zai hana ni barci. Lauya kuwa, ashe ko yaushe na gidan waya yake jira, don a nan mutane suka fi yin kuskure.

Reino, ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba. Ka ƙi aikin da kake mafarki saboda ni, ka yi shiru don kada in ji nauyi, ni kuma na bi kowane layi naka ina neman ƙaya. Ni na ce ba zan taɓa sani ba, ni na tura ka ka rubuta sunanka. Daga ofishin na wuce gidan waya ko za a iya tsayar da waccan, suka ce ta tafi tun Talata. Na buga wa ofishin kamfaninku, suka ce kuna kan ruwa, sai dai ta rediyon jirgi, wanda duk matuƙan tabkin ke saurare. Na kusa cewa a haɗa ni haka nan, sai na tuna na riga na sa gari ɗaya ya yi maka dariya.

Magana zarar bunu ce, na sani. Amma ka zo Kirsimeti. Ina so ka tsaya kusa da ni ranar rantsuwa, ba ni da wani babba sai kai.

Ƙanwarka,
Aili

*

A kan ruwa, mun doshi Toledo
23 ga Nuwamba

Aili,

Ina gaishe ki, ina fata jikinki lafiya. Ni ina nan. Takardarki ta ranar Litinin ta same ni jiya. Ita kaɗai ce tawa a jakar.

Ban san yadda aka kwashe ranar Juma'a ba, a nan ba mai labarin garinmu. In kin faɗi, hannuna ne, na ɗauki laifin, kuma zan riƙa tuna Walt duk ranar da ƙanƙara ta sauka. Wauta na yi. A jirgi duk abin da kake so a yarda naka ne sai ka sa masa hannu, na ɗauka haka abin yake ko'ina.

Kin ce ɗan Mama ba zai rasa sanin dokar ba. Ki lissafa. Ina shekara goma sha bakwai na hau jirgi, Mama ba ta fara aikin zaɓe ba sai bayan shekara takwas. Zaɓe a Nuwamba ake yi, ni kuwa rabona da ganin Nuwamba a gida shekara talatin da bakwai. Waƙar da kuka yi a tebur ke da ita kuka yi, ni ban taɓa jin ta ba. Kin zauna a teburin nan kina kallon kujerata ba kowa, ban yi zaton za ki manta ba.

Abin da Merle ya nema a Yuli ba zan faɗa ba. Da na yi niyya in kin ci zaɓe in ba ki labari mu yi dariya. Yanzu in na faɗa za ki ce tsarawa na yi. Na yi shiru kin zarge ni, na rubuta sunana a gaban gari kin zarge ni. Ba ni da abu na uku.

Na rubuta wa Misis Pavlich ta cire sunana daga rajistar masu zaɓe, don kada ki sake kwana da tunanin inda ƙuri'ata ta tafi. Na gaya wa kyaftin gobe zan sauka a Toledo, ba zan ƙarasa kakar aikin bana ba, ƙafar ta ƙi. Wani da muka yi aiki tare yana da gidan abinci can kudu, ya daɗe yana kirana. Ba zan zo Kirsimeti ba. Ba fushi nake ba, gajiya ce.

Kada ki aiko da komai ta adireshin jirgi. Wanda ya sauka, wasiƙarsa komawa take yi wurin wanda ya aiko ta. Ki zuƙe ruwan bututun gidan Mama kafin sanyi ya fasa su.

Reino Koskela